Kukan Gaban Akori-Kura

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To, haka yake ga mota. Akori-kura, ko tsohuwar Peugeot 404 ce irin wadda ta cika hanyoyin ƙasar nan bayan an buɗe kamfanin harhaɗa motoci na Kaduna cikin 1975, ko kuwa Toyota Hilux ta zamanin yanzu, wata rana takan tashi da 'yar tsuwa daga gaba, kamar ta ɓera a rumbu. Wani direban sai ya ƙara muryar rediyo. Wani kuma ya garzaya Panteka ko Ƙofar Ruwa ya sayo shokozoba biyu, a ɗaura, kuɗi su tafi, tsuwa tana nan daram.

Dalili shi ne, a gaban mota akwai abubuwa da dama masu kuka iri ɗaya. Waɗansu 'yar roba ce mai araha, waɗansu kuwa rai ne a hannunsu. Saboda haka makanikin ƙwarai ba ya fara ɗaukar safana. Tambaya yake fara yi: yaushe take kukan?

In da sassafe ne, da an tayar da inji, ko lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe, galibi fanbel ne ya saki ko ya yi santsi. Wannan ba ciwon ƙafa ba ne. In kuwa sai mota tana tafiya, kukan yana bin juyawar taya, ya canza ko ya ɗauke idan an taka birki, sai a duba takalmin birki. Da yawansu an yi su da wani ɗan ƙarfe wanda ke gogar faifai da gangan idan sun cinye, don ya faɗakar da mai mota. Boris ɗin taya shi ba tsuwa ya cika yi ba, gurnani yake yi, yana ƙaruwa da gudu.

Inda maganar take da faɗi shi ne kukan da ke zuwa a kan gargada, ko sa'ad da taya ta faɗa rami, ko aka hau tudun rage gudu. A ajiye mota a wuri mai daidai, a kashe inji, a ja birkin hannu. Yaron mota ya riƙa danna gaban yana saki, makaniki kuma ya durƙusa ya kasa kunne. Idan kukan ya fito alhali mota tana tsaye, an wanke birki da boris da fanbel gaba ɗaya, saura ƙafa.

Daga nan sai a nemo ruwa a gora. A fesa wa bushin guda, watau robar nan da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, a sake danna motar. In ba a ji canji ba, a matsa ga na gaba. Ɗaya bayan ɗaya fa, domin wanda ya jiƙa su duka a lokaci guda ya ɓatar da sawun ɓarawo. Wanda ruwa ya sa ya yi shiru na ɗan lokaci, shi ne mai laifi. Sau da yawa robobin sandar ƙarfen nan ce da ke haɗa ƙafafun gaba biyu don hana mota tangaɗi a kwana. Ƙurar hunturu takan busar da su, zafin bazara ya tsattsaga su.

A nan ne waɗansu 'yan gareji ke yin ɓarna da sunan taimako. Sai su ɗebo baƙin mai su kwarara wa robar, kuka ya ɗauke, mai mota ya yi godiya ya tafi. Alhali kuwa man inji cin roba yake yi, ya kumbura ta, ta yi laushi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Robar da ta tsage canji take so. In an ɗaura sabon bushin a hannun ƙafa kuma, kada a ƙarasa ɗaure notinsa sai mota ta sauka a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta mutu da wuri.

Amma idan an bi robobi duka kuka bai daina ba, musamman in yana fitowa har lokacin da ake juya sitiyari a tsaye, to a ji tsoron boljoyin. Wannan gaɓa ce mai kan dunƙule, kamar ta ƙugun mutum, ita ke riƙe da taya. Tana da 'yar rigar roba mai tsare giris. Da rigar ta yage, ruwan damina ya wanke giris, yashi ya shiga, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Motocin da suna da ɗan bakin ɗura giris, amma na yanzu da yawa a rufe suke zuwa, ba su da magani sai canji.

Gwajinsa ba wuya. A ɗaga ƙafar da jak, a tokare motar da abin tokara mai ƙarfi, don jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. A irin motar da sifirin ke zaune a kan hannun ƙasa, ƙarƙashin hannun ake sa jak, domin in an bar ƙafar tana reto, ƙarfin sifirin yakan ɓoye lalacewar. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi wasa, boljoyin ne ko boris. A kama ta dama da hagu, in ta yi wasa a nan, tayarod ne.

Wanda duk ya taɓa ganin akori-kura ta durƙusa a tsakiyar titi, tayar gaba ta kwanta waje guda, ya ga aikin boljoyin da ya fita daga mazauninsa. In a layin kasuwa ne ana tafiya sannu, asarar kuɗi ce da ɓata yini. In kuwa a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa ne, da buhunan masara a baya da 'yan kasuwa zaune a kansu, sitiyari ba ya sauran amfani a hannun direba. Motar da aka samu boljoyin ɗinta yana wasa, daga gareji ba lodi za ta ba, sai an canza shi, an duba ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren, an kuma sake saita ƙafa.