Tamolar unguwa a yankin Konni: ana biyan kuɗin shiga gasa, amma wa ke biyan jinyar wanda ya karye?

Da zarar an shiga babban hutu, filayen ƙwallo na Tsarnawa, Birnin Konni, Malbaza da Illela kan cika da gasannin unguwanni, waɗanda matasa ke kira TGV. Ba ƴan makaranta kaɗai ke bugawa ba. Akwai magidanta da yawa a ciki: ɗan kabu-kabu, makanike, tela, mai dakon albasa a tasha, malamin makaranta. Kowace ƙungiya tana biyan kuɗin rajista kafin a sa sunanta a ƙuri'a, kuma kowa ya san inda kuɗin ke tafiya: kofi, ladan alƙalin wasa, ƙwallaye, hayar lasifika ranar wasan ƙarshe. Jinyar wanda ya ji rauni ce ba kasafai ake ware mata ko dala ba.

Lokacin gasar shi ke ƙara wa lamarin nauyi, domin babban hutu cikin damina yake faɗowa. Ƙashin ƙwauri idan ya karye yakan ɗauki wata uku ko fiye kafin mutum ya taka sosai. Wanda ya karye a watan Agusta ke nan ya rasa girbin hatsi, wataƙila har da shirin rejin albasa. A gari irin Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, abincin gidaje da dama a ƙafa yake: lodi, talla, tuƙa babur. Ranar da ƙafa ta tsaya, cefane ya tsaya.

Tsarin lafiya na ƙasa bai rufe wannan ramin ba. Jinya kyauta da aka kawo tun wajen 2006 ta shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu. Ragin kuɗin asibitocin gwamnati da hukumomi suka sanar a watan Agustan 2024 ya sauƙaƙa ganin likita, amma kuɗin mota zuwa Galmi ko Tawa, da ordinans, da watannin zama babu aiki, duk suna kan majinyaci. Ko ma'aikacin da ke da rajista a CNSS bai tsira ba, don asusun haɗarin wurin aiki yake biya, tamolar ranar Lahadi kuwa ba aiki ba ce. Shi ya sa da yawa ke wucewa kai tsaye wurin maɗori. Akwai karayar da ɗori ke gyarawa, akwai kuma wadda ƙashi ya huda fata, wadda jinkiri kan jawo mata ruɓewa. Daga nan sai a koma neman gudunmawa a fada da zaurukan WhatsApp, bayan ɓarnar ta riga ta auku.

A Kanada da Amurka, manya masu buga hoki kan ƙanƙara don nishaɗi suna yin rajista kowace shekara, kuma wani kaso na kuɗin rajistar na asurans ne. Yawancin gasanninsu ba sa barin wanda bai yi rajista ba ya shiga fili. A Faransa, dokar wasanni ta tilasta wa kowace ƙungiya ta yanki asurans na ɓarnar da za a iya yi wa wani, ta kuma sanar da membobinta amfanin yankar wani asurans ɗin na daban don raunin jikinsu. Wannan bambanci shi ne abin lura, kuma nan mutane ke ruɗewa. Na farko yana biyan ɗan kallon da ƙarfen raga ya faɗo wa. Na biyu ne kaɗai ke duba ɗan wasan da ya faɗi da kansa ya karye.

A Nijar, ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin FENIFOOT suna da lasisi da takardu. Gasar unguwa a waje take: babu gwajin likita, sau da yawa babu ko tsayayyen jerin sunaye. Kowa ya san al'adar ɗauko ɗan wasan haya daga wani gari idan an kai kusa da ƙarshe. Kamfanin asurans kuwa da suna yake aiki. Wanda ba ya cikin jerin da aka miƙa, ba ya cikin alƙawari.

Dokar kanta ba ta hana komai ba. Nijar na cikin ƙasashen CIMA, tsarin da aka rattaba wa hannu a Yawunde a 1992, wanda ke tafiyar da harkar asurans a ƙasashe 14 na Afirka. A 2012 tsarin ya buɗe ƙofa ga ƙaramin asurans na masu ƙaramin ƙarfi, a 2019 kuma ya amince da takaful, wanda ke amsa damuwar masu ganin asurans na kamfani yana da shubuha a addini. Sai dai sashe na 13 na dokar, kamar yadda aka gyara shi a 2011, ya ce sai an biya kuɗi yarjejeniya ke fara aiki. Mai shirya gasa da ya ce ya yi magana da kamfani, zai biya in an tara kuɗin ƙofa, ƴan wasansa ba su da komai a hannu.

Matsalar ta gaske ita ce yarda. Yawancin mutanen yankin asurans ɗin mota kaɗai suka sani, takardar da ake yanka don gudun jandarma, ba don ana sa ran za ta biya ba. Ba za a kawar da wannan tunanin cikin hutu ɗaya ba.

Abin da ya fi kusa shi ne asusun jinya na gasar kanta. A ce ƙungiyoyi 16 ne, kowace da ƴan wasa 18: mutum 288 ke nan. In kowa ya ƙara dala ɗari a kan kuɗin rajista, an tara jika 144. Ba zai biya babbar tiyata ba, amma zai ɗauki mota, hoton ƙashi da maganin farko, wato daidai abin da rashinsa ke tura mutum wurin maɗori. Sharaɗin shi ne kuɗin ya zauna a hannun da ba na mai shirya gasa ba, a rubuta tun farko iyakar abin da za a ba mutum ɗaya, a kuma karanta lissafi ranar ba da kofi. In ba haka ba, asusun zai narke cikin kuɗin lasifika.

Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, jami'an riƙo ne ke tafiyar da Tsarnawa da maƙwabtanta, kuma filayen gari a hannunsu suke. Suna iya cewa ba za a buɗe gasa a filin hukuma ba sai an kawo jerin sunayen ƴan wasa, da shaidar asusun jinya ko rasit ɗin kamfanin asurans.