Ra'ayinmu: Ba-da-kaka, a gyara ko a hana?

Duk wanda ya taɓa zama a Dandume ko Giwa ko Saminaka ya san yadda ake yi. Damina ta kankama, masara ta kai gwiwa tana neman taki, aljihun manomi kuwa ba ko sisi. Sai ya nufi shagon Alhaji ya karɓi buhun yuriya ko kuɗin 'yan ƙwadago, a kan idan kaka ta yi zai biya da buhunan masara. Ba-da-kaka ke nan.

Masu kuka da wannan ciniki suna da hujja. Ana yanka farashi ne a lokacin da manomi ba shi da bakin cewa a'a. Kafin a gama ɗinke buhuna motar mai bashi tana bakin gona, hatsin da ya kamata ya shiga rumbu sai ya wuce sito. Da bazara manomin ne kuma zai tsaya gaban 'yan awo yana sayen tiya-tiya da tsada, abin da ya noma da hannunsa. Idan fari ya faɗo, bashin bana ya hau na baɗi, wasu har gona suke jinginarwa.

Amma a yi wa ɗan kasuwa adalci. Banki ba ya kula mai eka biyu da ba shi da takardar fili, shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 kuma bai kai ga kowa da kowa ba. Alhajin nan shi ake ƙwanƙwasa wa ƙofa ko da daddare, ba cika fom. Shi ma yana kwana cikin asara: bayan gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na ɗan lokaci a 2024, farashi ya karye, masu sito da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Ra'ayinmu shi ne kada a hana, domin hanin zai bar gonar talaka ba taki. A gyara shi. A rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da Sarkin Noma, a faɗi kuɗin takin da ribarsa tun farko, a kuma lissafa buhu da farashin kasuwa na ranar biya.

Ƙananan hukumomi kuma su dubi maƙwabtanmu na Nijar. Can ƙungiyoyin manoma kan tara hatsi a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. Manomi ya karɓi kuɗi da kaka ya yi hidimarsa, hatsinsa na ajiye har farashi ya tashi, sannan ya sayar ya biya.