Furen da Aka Bar wa Ƙudan Zuma



Duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban mai maganin gargajiya ya san abin da ke shimfiɗe a tabarmarsa: saiwa, sassaƙe, ganye. Fure kuwa sai an tona. Su ma masana can suka fi karkata. Daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka Faransawa biyu suka tace kwinin a 1820. Daga ganyen tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da atemisinin a 1972, wanda shi ne ƙashin bayan maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yau.

To, a Jami'ar Griffith da ke jihar Kwinslan ta Ostireliya, Farfesa Anthony Carroll da abokan aikinsa sun ɗaga kai sun dubi fure. A 2013 suka ba da rahoton sinadarai uku da suka samo a furen Corymbia watsoniana, bishiyar dajin ƙasarsu, 'yar'uwar bishiyar turare da muke dasawa a bakin hanya. Da aka zuba su kan ƙwayar Plasmodium falciparum mai haddasa zazzaɓin cizon sauro a ɗakin gwaji, sun hana ta yaɗuwa, har da irin da ta daina jin maganin kulorokwin. Daga baya an samu makamantansu a furen wasu bishiyoyi na wannan dangi.

Wani abin mamaki, tun 1981 aka tabbatar Ostireliya ta rabu da wannan zazzaɓi. Najeriya kuwa ita ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a duniya. Ga shi kuma a Ruwanda da Yuganda an fara ganin ƙwayar tana yi wa atemisinin taurin kai. Idan ya bi sawun kulorokwin, me za a ba yara da damina?

Amma fa kada wani ya ji wannan ya nufi bishiyar turare da tukunya. Kashe ƙwaya a kwalba daban, warkar da yaro ba tare da an taɓa masa hanta ko ƙoda ba daban, kuma yawancin irin waɗannan sinadarai a hanya suke faɗuwa. Abin da ya burge ni shi ne inda masanan suka duba. Ɗorawa da rimi da maɗaci duk shekara suna fure, yana zuba a ƙasa awaki na cinyewa, mu kuma muna ta sassaƙe ɓawo har bishiyar ta bushe a tsaye.