Wasiƙa Zuwa Ga Mataimakan Likitocin Haƙori

Ƙannena kuma abokan aiki,

Majiyyacin da ya kishingiɗa a kujerar cire haƙori likita yake kallo, shi zai yi wa godiya, shi zai zaga in abu ya ɓaci. Amma ko zai kwashi ciwon hanta a wannan zama ko ba zai kwasa ba, wannan a ɗakin baya ake yanke shi, inda kuke tsaye ku kaɗai da burushi da awartaki mai jini. Ku kuka san ko tukunyar tururi ta cika lokacinta ko an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki. A kan wannan ɗakin na rubuto muku.

A watan Maris na 2013, hukumomin lafiya a birnin Tulsa na jihar Oklahoma ta Amurka suka nemi mutum kusan 7,000 su je a gwada jininsu. Dukkansu sun taɓa zama a kujerar wani likitan tiyatar baki, Scott Harrington. Masu bincike sun tarar da kayan aiki masu tsatsa, da magungunan da suka daɗe da lalacewa, da tukunyar tururin da ta yi shekaru ba a gwada ingancinta ba. Sun kuma tarar mataimakansa na yi wa mutane allurar barci ta jijiya, aikin da doka ba ta ba su ba. Daga baya gwajin jini ya tabbatar da cewa ciwon hanta nau'in C ya tsallaka daga wani majiyyaci zuwa wani a asibitin. Ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ke nan, kuma kuɗi ba su rasa ba. Sakaci ne ya zama ɗabi'a, kowa a gidan yana gani yana shiru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne an ware wasu kayan aiki daban domin waɗanda aka san suna ɗauke da cuta. A kunne kamar dabara ce, kuma na sha jin irinta a nan gida: “Wannan mai ƙanjamau ne, a sa safar hannu biyu, a bar shi sai ƙarshe.” To, wanda bai faɗa ba fa? Wanda shi kansa bai sani ba fa? Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manyan Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma akasarinsu lafiya lau suke yawo. Ƙwayar wannan cuta kan rayu kwana bakwai a busasshen jini a kan tire ko hannun fitila. Saboda haka kowane baki da aka buɗe a gabanku, na hakimi ko na almajiri, ku ɗauke shi a matsayin mai iya yaɗa cuta, ku yi masa tsafta iri ɗaya. Wanda ya yi haka ya huta da ware wani, ya kuma tsira daga dokar 2014 da ta hana nuna wariya ga masu ƙanjamau.

Yanzu tukunyar. Tafasa kaya a ruwa ba ya kashe komai da komai, jiƙa su a Jik ko goge su da sifirit ma haka. Duk abin da ya huda dasashi ko ya taɓa ƙashi sai ya shiga tururi mai matsi: digiri 121 na minti 30 in kayan a naɗe suke, ko digiri 134 na 'yan mintoci a injin da ke zuƙe iska. Kafin nan sai an wanke shi tas, domin jinin da ya bushe a lungun awartaki yakan kare ƙwayar cuta daga tururin. Kada a cusa kaya kamar ana loda buhu a motar kasuwa. Tururi na bukatar hanya. Tef ɗin da ke sauya launi yana gaya muku cewa zafi ya taɓa kayan, bai ce ƙwayoyin sun mutu ba. Mai tabbatar da wannan shi ne gwajin da ake sa ƙwayoyi masu taurin kai a cikin tukunyar a ga ko za su tsira, kuma kowane mako ya kamata a yi shi. In wuta ta tafi a minti na ashirin, ba a ƙarasa goman da suka rage idan janareta ya tashi. Daga farko ake somawa. Ku ajiye littafi, ku rubuta rana da zafi da lokaci da sunan wanda ya kunna. Ranar da magana ta kai gaban hukuma, littafin nan ne shaidarku.

Injin feƙe haƙori shi aka fi yi wa ha'inci, don yana da tsada kuma asibitoci da yawa ɗaya ko biyu gare su. Yana iya zuƙar yawu da jini zuwa cikinsa, don haka goge bayansa da auduga bai wadatar ba. Shi ma tururi yake bukata bayan kowane majiyyaci, a kuma saki ruwan bututunsa na daƙiƙa 20 zuwa 30.

Ku ma jikinku amana ne. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce cikin wata shida. Wanda bai yi ba, ya fara a makon nan. Kada ku mayar wa allura murfi da hannu biyu. In ta soke ku, ku wanke wurin da ruwa da sabulu, ku faɗa nan take, kada kunya ko tsoron faɗan oga ya sa ku kwana da abin. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, kuma gara a awannin farko.

Sai doka. Likitan haƙori yana ƙarƙashin hukumar MDCN ne. Ku kuma hukumarku ita ce DTRBN, wadda aka kafa da doka mai lamba 81 ta 1993, kuma lasisinku naku ne, ba na likita ba. Na san yadda abin yake farawa: layi ya yi tsawo, likita ya fita, wata tsohuwa na riƙe da kumatu tana kuka, ku kuma kun ga an cire irin haƙorin nan sau ba adadi. Tausayi ne ke kai hannu ga awartaki, wani lokaci kuma ɗan abin da za a sa a aljihu. Amma in saiwa ta karye a ciki, ko jini ya ƙi tsayawa, ko allurar kashe zafi ta bugi mai hawan jini, “ai likita ne ya ce in yi” ba za ta fitar da kowa ba. Abin da takardarku ba ta ba ku ba, ku bar shi.

Akwai kuma wani aiki da ba a rubuta muku a takardar ɗaukar aiki ba: tafinta. Sau da yawa likitan ɗan bautar ƙasa ne, ba ya jin Hausa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a yi wa majiyyaci bayani da harshen da yake fahimta, kuma ta wajabta rufe sirrinsa. Idan likita ya lissafo hanyoyi biyu da haɗarin kowace, ku kuma kuka taƙaita da “Baba, ya ce a cire,” to yardar da Baba ya bayar ba yarda ba ce. Ku faɗi duka. Abin da kuka gani a katin mutum kuma ya tsaya a asibiti, ko da maƙwabciyarku ce, ko wanda ke neman auren ƙanwarku. Hoton bakin mutum a WhatsApp ba da izininsa ba tonon asiri ne, ko da an yanke fuskar.

Mafi wuya a duk wannan shi ne ce wa na gaba da kai a'a. An rene mu da girmama manya, kuma albashi a hannunsa yake. Ba sai da ɗaga murya ba. Ku ja shi gefe, ba a gaban majiyyaci ba, ku ce: “Ranka ya daɗe, kayan ba su fito ba tukuna, a ba mu rabin awa.” In ya matsa, ku rubuta a littafi cewa kun faɗa. In abin ya zama kullum, ku kai wa shugaban sashe, in bai ji ba ku kai wa hukuma a rubuce.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya tsare hannuwanku.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin sashen haƙori