KYAU BA YA CIN KOFI: Martani ga masu jera gwanayen tanis da son zuciya

Ku yi haƙuri, yau ba maganar farashin fetur ko ƙarin albashi zan yi ba, duk da su ne suka fi damun mu. Maganar tanis ce, kuma doguwa ce. Wanda ba ya ra'ayi ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Shekaranjiya a ofis wani ƙanina ya miƙo min waya ya ce, "Oga, duba ka gani." Wani jadawali ne da ake ta yawo da shi a WhatsApp, wai an jera bugu goma da babu kamarsu a tarihin tanis na maza. Na ɗaya fohan ɗin Federer. Na biyu sabis ɗin Isner. Na uku bakhan ɗin Federer. Yadda Djokovic ke mayar da sabis kuwa an jefa shi can na bakwai, kamar wanda aka tuna da shi bayan an gama rabo. Na ce masa wanda ya rubuta wannan, ko dai gajerun bidiyon YouTube kawai yake kallo, ko kuma so ne ya hana shi ganin laifi. Muka yi ta musu har aka kira La'asar, muka dawo muka ɗora. Da aka tashi na ce masa zai ga amsata a rubuce. To ga ta.

Kafin wani ya ce ƙiyayya ce, ku sani ni ɗan Federer ne tun 2003 da ya fara cin Wimbledon. Waɗanda muka yi jami'a tare shaida ne. Amma son mutum daban, faɗin gaskiya daban.

Ga waɗanda ba su saba ba: sabis shi ne bugun da ake fara kowane maki da shi, kuma dama biyu ake ba ka. Fohan shi ne bugun da tafin hannunka ke kallon gaba, bakhan kuma wanda bayan hannunka ke kallon gaba. Boli shi ne ka tari ƙwallo a gindin raga kafin ta taɓa ƙasa.

Ni da abu uku nake auna bugu. Na farko, abokin karawarka ya san yana zuwa, ya kwana yana shirya masa, amma ba yadda ya iya da shi. Na biyu, ya yi aiki ranar da hannu ke rawa, wato a wasan ƙarshe, kofi yana ajiye a gefe kowa na kallonsa. Na uku, ya tilasta wa sauran manya su koma gida su sake tsarin wasansu. Kyau ba ya cikin lissafina. Ba gasar sarauniyar kyau ake yi ba.

Mu fara da bakhan ɗin Federer. Wallahi yana da daɗin kallo, hannu ɗaya, kamar mai yafa babbar riga. Amma ku gaya min, wane bugu ne aka fi kai wa farmaki a zamaninsa? Nadal bai taɓa ɓoye dabararsa ba: ya yi ta aika ƙwallo mai tashi sama zuwa wannan ɓangaren har sai ya karye. Mai hannu ɗaya idan ƙwallo ta haura kafaɗarsa ƙarfinsa ya ragu, wannan ba sai an je makaranta ba. Sun haɗu sau 40, Nadal ya ci 24. A wasan ƙarshe na gasar Faransa ta 2008 sakamakon 6-1, 6-3, 6-0 ne. Shi kansa Federer sai da ya koma raket mai faɗin kai a 2014, ya gyara bugun, sannan a 2017 ya rama a Ostireliya bayan ana cin sa 3-1 a zagaye na biyar. Madalla da wannan. Amma ƙofar da ɓarawo ya shekara goma yana shiga ta ita, ba a kiranta ƙofar da ta fi kowacce ƙarfi a gidan. In ma bakhan mai hannu ɗaya ake nema, ai na ɗan ƙasarsu Wawrinka ya fi shi nauyi. Da shi ya rushe Djokovic a wasan ƙarshe a Faris a 2015, ya sake maimaitawa a Amurka a 2016.

Sai sabis ɗin Isner. Idan ƙidaya ce, ba musu: babu wanda ya kai shi yawan sabis ɗin da abokin karawa bai ko taɓa ba, sama da 14,000. A wasansa da Mahut a Wimbledon 2010, wanda aka yi awa 11 da minti 5 cikin kwana uku aka tashi 70-68 a zagayen ƙarshe, shi kaɗai ya buga irinsu 113. Na san wani zai ce kada a ɗora wa sabis laifin raunin sauran wasansa. Na yarda, makami ne, shi ya kai shi cikin goman farko na duniya. Amma mutum ne mai tsayin mita 2.08, daga bene yake jefo ƙwallo. Kuma ma'aunina na biyu fa? Bai taɓa zuwa wasan ƙarshe na ɗaya daga manyan gasanni huɗu ba. Iyakarsa wasan kusa da na ƙarshe a Wimbledon 2018, inda Kevin Anderson ya fitar da shi 26-24. Ba mu taɓa ganin sabis ɗin ranar da kofi ke gefe ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

To ga nawa jerin, daga ƙasa zuwa sama.

NA BIYAR: bolin Stefan Edberg na Suwidin. Yaran yanzu ba su san shi ba, shi ya sa ba ya shiga jadawalinsu. Ya ci manyan kofuna 6, biyu a Wimbledon, 1988 da 1990, kuma kowa ya san abin da zai yi: ya buga sabis ya ruga raga. Ka sani, ya san ka sani, amma ƙwallon sai ta mutu a inda ba za ka kai ba. Wannan sana'a ta ja baya ne saboda kayan aiki sun canja. Tun da Kuerten ya ci gasar Faransa a 1997 da sabuwar tsirkiyar raket mai ƙara wa ƙwallo juyi, kuma Wimbledon ta sauya irin ciyawarta a 2001, mai rugawa raga ya zama abin harbi. Da Federer ya so gyara wasansa na raga, wa ya ɗauko ya horar da shi a 2014? Edberg.

NA HUƊU: fohan ɗin Federer. E, na huɗu, ku yi ta zagi. Da shi ya ci Wimbledon biyar a jere daga 2003 zuwa 2007, da gasar Amurka biyar a jere daga 2004 zuwa 2008, ya yi mako 237 a jere yana na ɗaya a duniya. Yana ɗaukar ƙwallo da wuri, kafin ka gama dawowa tsakiya ta wuce. Abin da ya hana ni kai shi sama, zan faɗa in na zo na ɗaya.

NA UKU: sabis ɗin Pete Sampras, musamman na biyu. Kowa na iya zabga sabis na farko tunda akwai wata dama. Na biyu shi ne mai tona asiri, don in ka ɓarar maki ya tafi. Yawancin 'yan wasa lallaɓa shi suke yi. Sampras kuwa, mai tsayin mita 1.85 kacal, yana buga shi kamar bai san tsoro ba, kuma yadda yake cilla ƙwallon sama ba ya nuna maka inda za ta. Ya je wasan ƙarshe a Wimbledon sau 7, bai faɗi ko ɗaya ba. A gasar Amurka ta 2001 ya haɗu da Agassi, wanda a lokacin babu kamarsa wajen mayar da sabis. Zagaye huɗu aka yi, kowanne sai da aka je bugun raba gardama, Agassi bai karya sabis ɗinsa ko sau ɗaya ba. Rauninsa ɗaya: a jar ƙasa ƙwallo na rage gudu, shi ya sa bai taɓa cin gasar Faransa ba.

NA BIYU: fohan ɗin Nadal. Mutumin da da dama yake rubutu amma da hagu yake wasa. Yana sharɓar ƙwallo daga ƙasa zuwa sama har raket ya zagaya kansa, in ta sauka sai ta yi tsalle kamar an tsikare ta, kuma kai tsaye wajen bakhan ɗin na-dama take nufa. Kofi 14 a gasa ɗaya. Wasa 112 ya ci a gasar Faransa, 4 kawai aka ci shi. Ya taɓa cin wasa 81 a jere a jar ƙasa daga 2005 zuwa 2007. Ya je har ciyawar Federer a 2008 ya ƙwace kofi 9-7 a zagaye na biyar. Duk ma'aunaina uku ya cika su. Abin da ya sa bai zo na ɗaya ba, an samo maganinsa. A 2011 Djokovic ya doke shi a wasan ƙarshe shida a jere, biyu daga ciki a jar ƙasa, Madrid da Rum. Kuma cikin wasa huɗun nan da aka ci shi a Faris, biyu Djokovic ne, 2015 da 2021.

NA ƊAYA: yadda Novak Djokovic ke mayar da sabis.

Ku tsaya ku yi tunani. Mai sabis shi ke riƙe da ƙwallo, shi ke zaɓar lokaci da wuri da gudu. Mai mayarwa ba shi da ikon komai. Tsawon fili mita 23.77 ne, ƙwallo na tahowa da gudun kilomita 200 a awa, bai kai daƙiƙa ɗaya ba za ka gane inda ta nufa, ka motsa, ka buga. Yawanci burinsu kawai ta koma cikin fili. Shi Djokovic mayar maka da ita yake yi gindin ƙafarka tun ba ka gama sauka daga tsallenka ba. Ribar da dokar wasa ta ba ka a matsayinka na mai sabis, ya shafe ta da bugu ɗaya. Bidiyon minti biyu ba ya nuna wannan, don ba ƙyalƙyali a ciki. Sai ka zauna awa huɗu za ka ga yadda mai sabis ke tsufa a tsaye. Kuma ba ruwansa da irin fili: kofi 10 a Ostireliya, 7 a Wimbledon, 4 a Amurka, 3 a Faransa. Jimla 24. Agassi gwani ne, shi ya ci Wimbledon 1992 duk da Ivanisevic ya zuba masa sabis 37 da bai taɓa ba, amma Agassi caca yake yi, ya ci ko ya bari ta wuce. Djokovic kusan komai sai ya taɓo.

Ga hujjar da ke min ciwo. Gasar Amurka 2011, wasan kusa da na ƙarshe, zagaye na biyar. Federer na gaba 5-3, sabis a hannunsa, 40-15, maki ɗaya ya rage. Ya buga sabis mai kyau, Djokovic ya mayar da ita da fohan ta tsallaka kusurwa, Federer ko motsi bai yi ba. Maki na gaba, fohan ɗin Federer ya daki raga ya fita. Wasan ya juye. Muka ce sa'a ce, ni ma na faɗa.

Sai ranar Lahadi 14 ga Yuli 2019, wasan ƙarshe a Wimbledon. Ina falo tun ƙarfe biyu, na sayi man janareta na musamman don kada a ɗauke wuta. Zagaye na biyar, Federer 8-7, sabis a hannunsa, 40-15 kuma. Na miƙe tsaye, har na fara rubuta saƙon tsokana ga wani abokina. Djokovic ya mayar da ta farko, fohan ɗin Federer ya fita waje. Ya mayar da ta biyu, Federer ya taho raga, ya wuce shi ta gefe. Aka tashi 13-12 wajen Magariba bayan awa 4 da minti 57, alhali Federer ya fi shi yawan maki a wasan, 218 da 204. Uwargida ta kawo abinci ta ce, "Lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau. Da daddare kuma Mahrez ya zura mana bugun tazara a minti na ƙarshe, Aljeriya ta fitar da Najeriya daga gasar cin kofin Afirka. Ranar dai ban ga daidai ba.

Daga ranar na daina cewa sa'a. Abin da ya faru sau biyu, a maki iri ɗaya, da mutum ɗaya, shekara takwas tsakani, sunansa aiki. Kuma a duka biyun, bugun da kuka ɗora na ɗaya shi ne ya ba da kai. Shi ya sa yake na huɗu a wurina.

Masu cewa ina Alcaraz da Sinner, ku dakata. Na ga yadda Alcaraz ya tsallake maki uku na faɗuwa ya ci gasar Faransa ta 2025, kuma yadda yake ajiye ƙwallo a bayan raga abin kallo ne. Amma ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Su gama tukuna.

Me ya sa abin ya dame ni har haka? A filin da nake ɗan motsa jiki ranar Asabar, ina ganin yara suna ɓata awa guda suna kwaikwayon bakhan mai hannu ɗaya, har da tsayawa a ɗauke su hoto. Ban taɓa ganin yaro ya ce wa ɗan'uwansa, "Zo ka yi min sabis hamsin in koyi mayarwa" ba. Alhali rabin wasa kenan. Jadawali irin wancan shi ke koya musu haka. Kuma halinmu ne ko a wurin aiki: mai iya zuba Turanci a taro shi ake tafa wa, wanda duk fayil ɗin da aka jefo masa sai ya mayar da shi a kammale kafin a tashi, ba a ma san sunansa ba sai ranar da ya tafi hutu.

Ƙanina, ga amsarka. Sauran 'yan Federer, 'yan uwana, na san za ku taso. Bismillah, fili naku ne, amma ku zo da shekara da gasa da sakamako kamar yadda na kawo. "Ai ya fi kyau" ba hujja ba ce, na riga na yarda ya fi kyau. Banda zagi don Allah, akwai manya a nan.

Allah Ya sa mu dace.