Arahar da Ba Tamu Ba

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, wata magana ta riƙa zagayawa a bakin manya, wai Najeriya na cikin ƙasashen da rayuwa ta fi araha a duniya. A farkon 2024, lokacin da mata suka fito kan titi a Minna suna kukan yunwa, fadar shugaban ƙasa ta kafa hujja da wani shafin intanet mai suna Numbeo domin nuna cewa mun fi sauran ƙasashen Afirka sauƙin rayuwa. Har yau ana maimaita wannan magana duk sa'ad da ma'aikaci ya ɗaga murya. Mu malamai, masu koyarwa da waɗanda suka ajiye alli, muna da amsa, kuma da lissafi za mu ba da ita, tunda lissafin mu ne muka koyar.

Ya kamata a fara sanin don wa ake yin irin waɗannan jadawali. Masu amfani da su mutane ne iri biyu. Akwai mai aiki daga nesa, wanda kamfaninsa ke Amurka ko Jamus, ana biyansa da dala ko yuro, shi kuwa yana iya zama ko'ina muddin akwai kwamfuta da intanet. Akwai kuma ɗan fanshon Turai ko Amurka da ke neman ƙasar da kuɗinsa za su fi auki. Numbeo yana ɗaukar birnin New York a matsayin ma'auni, ya ba shi maki 100, sannan ya gwada sauran birane da shi. Farashin da yake tarawa masu ziyartar shafin ne ke shigarwa, kuma a cikin kwandonsa akwai kofin gahawa a gidan abinci, da kuɗin gidan motsa jiki, da tikitin silima, da hayar ɗaki a tsakiyar birni. Tambayar da jadawalin ke amsawa ita ce: idan na zo da dalata, me za ta saya mini? Ba a taɓa tsara shi domin amsa tambayar malamar firamare a Gesse ba, wadda ke son sanin ko albashinta zai kai ta ashirin ga wata.

Abin mamaki, shafin nan da kansa yana da wani layi na daban da ke auna ƙarfin aljihun mazauna ƙasa, wato abin da albashinsu ke iya saya musu a gida. A wannan layin Najeriya tana can kusa da ƙarshe. Masu karanto mana layin farko ba su taɓa karanto mana na biyu ba. Ɗalibin da ya kwafo rabin tambaya ya amsa, mun san makin da muke ba shi.

To, mu yi lissafin. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, wanda ya kai kusan dala 200 a lokacin. A 2019 aka mai da shi naira 30,000, kimanin dala 80. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa hannu kan naira 70,000, Jihar Kebbi kuma ta ƙara ta ce 75,000. Mun yaba, kuma yabon yana nan. Amma a canjin naira 1,500 kan dala ɗaya, wannan kuɗi dala 50 ne cif. Adadin da ke kan takarda ya hau, abin da ke cikin kwano ya sauka. Ɗan fanshon Amurka mai matsakaicin rabo yana karɓar kusan dala 1,900 a wata a 2024. Idan ya canza su a Birnin Kebbi, zai riƙe abin da ƙaramin ma'aikacinmu zai yi wata 38 yana nema. Dole ya ce ƙasarmu da araha. Gumin da ke bayan wannan araha namu ne: ladan mai noma shinkafar, da mai dakon ta, da malamin da ke koyar da 'ya'yansu.

Ana yawan cewa ai man fetur ya fi tsada a Faransa. Gaskiya ne. Sai dai mafi ƙarancin albashin Faransa yana sayen fiye da lita 700 a wata. Namu, lokacin da lita ta kai naira 1,000 a ƙarshen 2024, lita 75 kawai yake saye. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, tsohon albashin 30,000 ma yana sayen fiye da lita 150. Malamin da ke hawa kabu-kabu daga Gesse zuwa makarantarsa kullum bai buƙatar wani shafi ya faɗa masa haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba sai mun je Turai ba kafin mu ga yadda abin yake aiki. Kuɗin sefa na maƙwabtanmu a ɗaure suke da yuro, saboda haka da naira ta faɗi, jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000. Tsohon malami daga Dosso ko Gaya da ya shigo kasuwar Kamba da fanshonsa zai ga gero da masara sun yi masa sauƙi. Takwaransa na Argungu, da suka yi shekaru iri ɗaya a gaban allo, yana tsaye a gaban buhu guda, farashi guda, yana juya aljihu. Ba mu ga laifin ɗan'uwanmu na Nijar ba, zumunci da cinikayya tsakanin Kabi da Dandi da Arewa sun girmi iyakar. Misalin dai ya isa nuna cewa araha da tsada a aljihun mai saye suke zaune.

Kuma wannan a kwarin Rima ake yin sa, inda shinkafa ke fitowa. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Banki a Nuwamban 2015. Daga nan aka kai wa Legas shinkafar haɗin gwiwa a 2016, a Argungu kuma aka buɗe babban kamfanin casa a 2017. Duk da haka, a ƙarshen 2024 buhu mai kilo 50 ya fi ƙarfin mafi ƙarancin albashi. Farashi ya ɗan sassauta daga baya, mun gode wa Allah, amma bashin da aka ci a wancan lokaci har yanzu ana cire shi daga albashi. Baƙon da ya zo kallon bikin kamun kifi zai ga giwan ruwan Matan Fada kamar kyauta. A gidan malamin da ke zaune kusa da gulbin, kifi ya koma abin marmari.

Wasu kan ce mana: to, ku ma ku nemi aikin intanet mana, ku ci dala. Muna murna da 'ya'yanmu da suka samu wannan hanya, kuma mu muka koya musu baƙi da wasali. Amma aji mai yara saba'in ba a koyar da shi daga nesa, kuma dattijon da ya yi shekara 35 yana aiki ba a ce masa ya koma farko. Ko matashin ma yana fama da lantarki mai zuwa da ɗaukewa, da kuɗin data da hukuma ta yarda a ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Ƙasar da ta ce wa malaminta ya nemi abincinsa a wani wuri ta riga ta yanke hukunci a kan makarantunta.

Inda aka daɗe ana tallar araha, an ga abin da ta haifa. Fotugal ta buɗe bizar masu aiki daga nesa a 2022, da sharaɗin mutum ya riƙa samun ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar. Tun kafin haka tana jawo 'yan fanshon waje da rangwamen haraji. Haya ta yi ta hawa a Lisbon, har malaman da aka tura aiki can suka kasa biyan ɗaki, kuma 2023 ta zama shekarar yajin aikin malamai da zanga-zangar gidaje. A Yulin 2025 mazauna birnin Meziko su ma suka fito kan titi saboda irin wannan. Birnin Kebbi ba Lisbon ba ce, amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Wanda abin ya fi ci shi ne ɗan fansho. Ma'aikaci yana da yajin aiki, tsoho kuwa sai haƙuri. Kwandonsa babu gahawa ko silima. Abin da ke ciki maganin hawan jini ne da na ciwon suga, waɗanda farashinsu ke bin dala, da tuwon jikoki, da kuɗin jarrabawa, da gudummawar biki da suna da ba a tsallakewa. Babu ɗayanmu da bai san wani tsohon shugaban makaranta da abin da yake karɓa bai kai na sabon masinja ba. Alhali doka ba ta yi shiru ba. Sashe na 210, ƙaramin sashe na 3, na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara biyar, ko duk lokacin da aka sake duba albashi, wanda ya riga zuwa. An sake duba albashi a 2024. Saboda haka daidaita fansho haƙƙi ne rubutacce, ba alfarma ba.

Abin da muke nema a sarari yake. Na farko, a daidaita fanshon kowane malami, na jiha da na ƙananan hukumomi, da sabon albashi, har kowa ya gani a abin da ke shiga asusunsa. Na biyu, a sa wa garatuti wa'adi sananne, domin kuɗin da aka biya bayan shekaru hauhawar farashi ta riga ta cinye rabonta a ciki. Na uku kuwa aikinmu ne: kowace makaranta a wannan reshe ta riƙa rubuta farashin mudun gero da shinkafa da wake, da kwalbar mai, da kuɗin kabu-kabu, da hayar ɗaki, da magani, wata bayan wata, daga babbar kasuwar Birnin Kebbi zuwa ta Argungu. Mu auna kowane abu da kwanakin aikin malami. Ranar da aka zauna teburin sulhu, in an fito da jadawalin New York, mu fito da na Gesse.

Gwamnan jiharmu, Kwamared Nasir Idris, ya shugabanci ƙungiyar NUT ta ƙasa baki ɗaya, don haka wannan yare ba baƙo ba ne a kunnensa. Abin da ya rage shi ne mu kai maganar da hujja, kuma mu kai ta tare. Malamin da ke aji yau ɗan fanshon gobe ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zo taro na gaba da alƙaluman makarantunku. Allah ya sa wa aikinmu albarka, ya ba dattawanmu lafiya, ya sa su ci guminsu tun suna raye.