Zauren Attajiri da Ƙyauren Ƙarfe

Duk wanda ya shigo birnin Kano ta Ƙofar Dawanau, ya bi ta gindin Dala, ya ratsa lunguna har ya faɗa Koki ko bakin Kurmi, to, ya taka ƙasar da dukiya ta daɗe ta na kwana a cikinta. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 ya kuma kafa Kasuwar Kurmi, fatake su ke sauke kaya a wannan sashe. Nan Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ka yi gidaje da ribar goron Gwanja. Nan kuma Alhaji Alhasan Ɗantata ya zauna har ya rasu a 1955, shi da ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 banki a 1929.

Abin da mu ke so jama'a su duba shi ne irin zaman da waɗancan mutane su ka yi da maƙwabtansu. Attajirin da, kome yawan abin hannunsa, katangarsa ɗaya da ta maɗinki ko majemi. Gidansa na tubali ne da azara, sai dai a gane shi da tsawon soro, da zankwaye, da kyan shafen makuba. Ƙofar kuwa zaure ce, ba a rufe ta sai dare ya yi nisa. A zauren nan ya ke shimfiɗa buzu bayan la'asar, mai neman jari ya zo, mai rigimar gado ya zo, baƙon da ya sauka ba masauki a ba shi tabarma. In an yi magariba a fito da akussan tuwo, dattawan unguwa su kewaye, watau ciyayya, wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya sa hannu, ba mai sanin asirinsa. Ba mu ce dukansu waliyyai ba ne. An yi masu rowa, an yi masu danne bara. Amma ko marowaci ya san idon unguwa na kansa, gama safe da yamma ta gabansu ya ke wucewa zuwa masallaci.

To, yau fa? Da yawa daga 'ya'ya da jikoki sun kwashe sun koma Nasarawa da Bompai, wasu ma Abuja, sun bar gidajen kakanni ga tsofaffin mata da 'yan haya. Wannan ba mu ga laifinsa sosai ba, kowa da inda Allah ya ajiye shi. Kukanmu da waɗanda su ka zauna ne, su ka kuma kwaso ginin waje su ka shigo da shi cikin birni. Sai ka ga mutum ya saye gidaje uku na maƙwabta ya rushe, ya tada bene na bulo da siminti, ya toshe zaure, ya kafa ƙyauren ƙarfe, ya zaunar da maigadi. Tagoginsa na sama su na leƙen tsakar gidan talaka inda mata su ke daka. Janaretonsa ya kwana ya na ruri a kunnen mai jinya. Haba jama'a! Wane irin zaman birni ke nan?

Za a ce mana zamani ne, ɓarayi sun yi yawa, kuma lungun da aka yi don jaki ba ya ɗaukar mota. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Akwai kuma waɗanda su ka haƙa rijiyar burtsatse su ka fito da famfo waje don jama'a, Allah ya saka musu. Amma tsoron ɓarawo bai ba kowa iznin cin kamu biyu daga hanya ba, bai kuma halatta cike kududdufi a yi shaguna a kai ba. Kududdufan nan, da aka haƙa garin ɗiban ƙasar gini, su ke shanye ruwan damina. In an cike su ruwan ba ya komawa sama, gidan ƙasa na marar ƙarfi ya ke nema, mai bene kuwa ya na barci. Haka badala, wadda Sarki Gijimasu ya ɗora harsashinta shekaru kusan 900 da su ka wuce, wadda kuma aka sa sunanta a 2007 cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su: a je a duba abin da ya saura daga Ƙofar Dawanau zuwa Ƙofar Waika, a kuma tambaya ko matalauci ne kaɗai ya cinye ta.

Saboda haka mu na roƙon masu unguwanni da hakimai kada su sa hannu a cinikin gida cikin birni sai an auna hanya da magudanar ruwa a gaban maƙwabta. Hukumar tsara birni kuma ta hana tagar da ke kallon cikin gidan wani. Attajiran kuwa, in ba makawa sai ƙyauren ƙarfe, to, a yanki ɗaki guda a waje da shi, a shimfiɗa tabarma, maigida ya riƙa fitowa ko da ran Juma'a ne bayan an sauko.